Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Gano Kumburin Rigar Zuciya Bayan Bugun Zuciya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar Babbar Sallah, ya kuma zura ido sa'ad da aka buɗe ƙirjin rago, zai lura cewa zuciya ba tsirara take zaune ba. Tana cikin wata 'yar jaka mai tauri da sheƙi, wadda sai an tsaga ta da wuƙa kafin a kai ga naman, kuma in an tsaga ta wani ɗan ruwa garai-garai yakan tsiyayo. Zuciyar ɗan Adam ma haka take. Wannan jaka ita za mu kira rigar zuciya a cikin wannan bayani. Ninki biyu ce: na ciki yana manne da naman zuciya, na waje kuwa yana lulluɓe da shi, a tsakaninsu kuma akwai ruwa kimanin mililita 15 zuwa 50, wato daga cokali ɗaya na cin abinci zuwa uku ko ɗan fiye. Aikin ruwan shi ne sa santsi, domin zuciyar da ke harbawa wajen sau 100,000 a kowace rana ta riƙa zamewa cikin rigarta ba tare da gogayya ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi. Hausawa kan ce "bugun zuciya" ga motsin zuciya na yau da kullum, su kuma ce "bugun zuciya" ga cutar nan da ke kayar da mutum farat ɗaya. A nan, motsin yau da kullum za mu ce masa harbawa, mu bar wa cutar sunan bugun zuciya. Abin da ke faruwa a cutar shi ne, gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da naman zuciyar kanta, sai sashen da jijiyar ke ciyarwa ya rasa iskar oksijin, ya fara mutuwa. In mutum ya tsira, jiki yakan ɗauki makonni yana kwashe mataccen naman yana ɗinke wurin da tabo. A cikin waɗannan makonni ne rigar zuciya kan kumbura.

Kumburi iri biyu

Na farko yakan zo da wuri, galibi cikin kwana 1 zuwa 4 bayan bugun. Dalilinsa a fili yake. In mutuwar naman ta ratsa kaurin bangon zuciya tun daga ciki har waje, to ta iso inda ninkin ciki na rigar yake manne, sai kumburin ya tsallaka zuwa gare shi, kamar yadda gobarar ɗaki kan lashi dangar da ke jingine da shi. Saboda haka ganin wannan kumburi alama ce ta cewa ɓarnar da bugun ya yi babba ce, ko da yake shi kansa yakan lafa cikin 'yan kwanaki.

Na biyu ya fi ban mamaki, domin sai majinyaci ya koma gida, ya fara samun sauƙi, bayan mako 2 ko fiye, wani lokaci har mako 10, sannan ya taso masa da zazzaɓi da kasala da ciwon ƙirji. Wani likita mai suna William Dressler, na Asibitin Maimonides da ke unguwar Buruklin a birnin Niyok na Amurka, shi ne ya bayyana wannan yanayi a shekarar 1956, shi ya sa ake kiran sa ciwon Dressler. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne cewa garkuwar jiki ce ke yin kuskure. Sa'ad da naman zuciya ya mutu, wasu sinadarai da ke ɓoye cikin ƙwayoyinsa sukan fito fili, garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi, ta haɗa makaman yaƙarsu, daga bisani makaman su faɗa wa rigar zuciya, har ma da tantanin da ya lulluɓe huhu. A zamanin Dressler an ƙiyasta cewa mutum 3 zuwa 4 cikin 100 na waɗanda suka yi bugun zuciya ke samun wannan ciwo. A asibitocin da ake buɗe toshewar jijiya cikin gaggawa kuwa, adadin ya sauko ƙasa da 1 cikin 100, domin naman da ke mutuwa ya ragu. Amma wanda bai isa asibiti ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu da fara ciwo, kamar yadda yake yawan faruwa a inda asibitin ƙwararru ke da nisa, bai ci wannan moriya ba.

Inda matsalar take

A ɗauka wani magidanci ne aka sallama daga asibiti mako 3 da suka wuce bayan bugun zuciya, yau kuma ga shi an dawo da shi dafe da ƙirji. Shi da iyalinsa abu ɗaya ne a ransu: ciwon ya dawo. Likita ma dole ya fara da wannan zato, domin shi ne mai kisa da sauri. To amma akwai wasu abubuwan da za su iya kawo irin wannan ciwo: kumburin rigar zuciya, ko gudan jini da ya tafi huhu, ko ciwon sanyin haƙarƙari, ko kuma mafi muni, ruɓaɓɓen bangon zuciya ya fara tsagewa. Abin da ya sa bambancewa ta zama wajibi shi ne magungunan suna karo da juna. Sabon bugun zuciya yana bukatar magunguna masu ƙarfi na tsinka jini. In kuwa aka ɗura irin waɗannan magunguna ga wanda bangon zuciyarsa ke yoyo, ko wanda rigarsa ta kumbura ta tara ruwa mai yawa, ana iya mayar da ɗan ruwan ya zama tafkin jini.

Likita yana da makamai tun kafin ya nemi hoto. Na farko tambaya ce. Ciwon bugun zuciya nauyi ne, kamar an aza wa mutum dutse a ƙirji, kuma bai damu da yadda mutum ya zauna ko ya kwanta ba. Ciwon riga kuwa suka ne mai kaifi, yana ƙaruwa in an ja dogon numfashi ko an yi tari ko an kwanta rigingine, yana raguwa in an tashi zaune aka sunkuya gaba. Sau da yawa yakan harba zuwa tudun da ke tsakanin wuya da kafaɗa, saboda jijiyar da ke ɗauko saƙon ciwo daga rigar zuciya tushenta a wuya yake, tare da jijiyoyin da ke kula da fatar wannan wuri, sai ƙwaƙwalwa ta kasa rarrabe inda saƙon ya fito.

Makami na biyu kunne ne. Tun da René Laennec ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a birnin Faris a 1816, likitoci suka gano cewa kumburarriyar riga tana da ƙara tata, wadda likitocin Faransa na wancan ƙarni suka kwatanta da kukan sabuwar fata. Wanda ya taɓa jin sabon sirdi yana ƙara a ƙarƙashin mahayi ya san abin da suke nufi. Ninki biyun ne da suka rasa santsi suke gogar juna. Illar wannan ƙara ita ce ba ta da alkawari: a ji ta da safe, a neme ta da azahar a rasa, kuma in ruwa ya taru ya raba ninkin biyu tana iya ɓacewa, alhali ciwon ƙaruwa ya yi.

Na uku shi ne zanen lantarkin zuciya, wato isiji, da gwajin jini. Ga mai lafiyayyar zuciya, kumburin riga yakan bar wata shaida sananniya a kan takardar isiji. Amma zuciyar mutuminmu ta riga ta ji rauni, zanenta ya riga ya karkace, sabon rubutu a kan tsohon rubutu ke nan, karatunsa sai a hankali. Haka sinadarin turofonin, wanda ke fita cikin jini in naman zuciya ya lalace, yakan kai kwana 10 zuwa 14 bai koma daidai ba bayan bugun, don haka a kwanakin farko hauhawarsa ba ta yanke hukunci ita kaɗai. A 2015 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta shimfiɗa ƙa'idar cewa a tabbatar da kumburin riga in an sami biyu daga cikin alamomi huɗu: irin wannan ciwon ƙirji, ƙarar gogayya, sauyin isiji, da taruwar ruwa a cikin riga. Mai karatu zai lura cewa uku na farko duk bugun zuciya ya riga ya dagula su. Ta huɗun kuwa ba a sanin ta sai da hoto.

Hoton ƙirji

Mafi tsufa kuma mafi samuwa shi ne hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895. Ba za mu daɗe a kansa ba, domin inuwa kawai yake nunawa, kuma naman zuciya da ruwan da ke kewaye da shi inuwarsu ɗaya ce. Sai ruwan ya kai wajen mililita 200 zuwa 300 kafin inuwar ta faɗaɗa, ta yi kama da tulu. Amfaninsa na gaskiya a huhu yake: yakan nuna ciwon sanyin haƙarƙari, ko ruwan da ya taru a gefen huhu, wanda sau da yawa ke rakiyar ciwon Dressler.

Amsa-kuwwa a cikin ƙirji

Babban makami a wannan fage shi ne na'urar eko, kuma ɗalibin fizis ya riga ya san asasinta. Wanda ya yi kira a bakin rijiya mai zurfi zai ji muryarsa ta dawo, in kuma ya san saurin sauti ya auna lokacin da ta ɗauka, zai iya lissafa zurfin rijiyar. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa. Na'urar eko tana aika sauti mai kaɗawa miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa, wanda ke tafiya cikin naman jiki da saurin kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. A duk inda sautin ya iso iyaka tsakanin abubuwa biyu mabambanta, kamar nama da ruwa, wani sashensa yakan dawo. Malamai na iya ba ɗalibai wannan lissafi a aji: in bangon zuciya yana nisan santimita 10 daga fata, sautin zai yi tafiyar santimita 20 zuwa da dawowa, wato kimanin kashi 130 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya. Gajartar wannan lokaci ce ta ba na'urar damar aika dubban kira a daƙiƙa guda, ta haɗa amsoshin su zama hoto mai motsi.

Likita Inge Edler da masanin fizis Hellmuth Hertz ne suka fara gwada wannan dabara a kan zuciya a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1953, da na'urar da aka ƙera don neman tsaga a cikin ƙarfe. A 1965 kuma Harvey Feigenbaum na Jami'ar Indiyana a Amurka ya nuna cewa ana iya gano ruwan rigar zuciya da ita. Ruwa tsantsa ba ya mayar da sauti, saboda haka a kan allo yakan fito baƙi, kamar zobe tsakanin naman zuciya da farin layin rigar waje. Ana auna faɗin zoben a lokacin da zuciya ta saki jiki ta cika da jini. Ƙasa da milimita 10 ruwa kaɗan ne, 10 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 mai yawa. Aikin yana bukatar ido, domin kitsen da ke gaban zuciya kan yi shigar ruwa, haka ma ruwan gefen huhu. Masu aikin suna rarrabewa da babbar jijiyar jini da ke gangarawa ta bayan zuciya: ruwan riga ta gabanta yake bi, ruwan huhu kuwa ta bayanta.

Ɗan ruwa kaɗan bayan bugun zuciya ba abin firgita ba ne, ana yawan ganin sa, kuma yakan tsotse da kansa. Amma in ya wuce milimita 10 a kwanakin farko, musamman in an hangi wasu gudaji-gudaji suna yawo a cikinsa maimakon baƙi tas, to dole a yi zargin jini ne, wato bango ya fara tsagewa, kuma magana ta koma hannun likitan fiɗa.

Abu mafi muhimmanci da eko ke nunawa bai tsaya ga yawan ruwa ba, har da abin da ruwan ke yi wa zuciya. Rigar waje ba ta miƙewa da sauri. In ruwa ya taru a hankali cikin makonni, tana iya buɗewa ta ɗauki lita ɗaya ko fiye. In kuwa ya zubo cikin mintoci, mililita 150 ko 200 ya isa ya shaƙe zuciya. Zuciyar da aka matse ba ta iya buɗewa ta karɓi jini, wadda ba ta karɓa ba kuwa ba ta da abin turawa. A kan allo ana ganin ɗakunan dama na zuciya, waɗanda bangonsu ya fi sirantaka, suna lotsawa ciki a lokacin da ya kamata su cika, babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki kuma ta kumbura ta ƙi motsi da numfashi. A jikin majinyaci, jijiyoyin wuya sun tashi, awon jini ya faɗi. Nan ba a jira, sai a soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirji ko tsakanin haƙarƙari a zuƙe ruwan, kuma ita dai eko ce ke nuna wa allurar hanya.

Duk da haka akwai iyakar da ya wajaba a fahimta, domin a nan ne ake yawan yin kuskure. Eko ruwa take gani, ba kumburi ba. Riga na iya kumbura ƙwarai ba tare da ta tara ruwa ba, kuma ruwa na iya taruwa saboda gazawar zuciya ko ta ƙoda ba tare da kumburi ba. Sakamakon eko da ya ce "babu ruwa" bai wanke riga daga zargi ba.

Siti sikan da hoton maganaɗisu

Na'urar siti sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka kuma fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, eksire ce da ke kewaya jiki, kwamfuta ta haɗa hotunan yanka-yanka. Tana auna kaurin riga, wanda ga mai lafiya bai cika wuce milimita 2 ba, in ya haura 4 kuwa an san ta yi kauri. Tana kuma bambance ruwa da jini, domin a ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield ruwa tsantsa sifili ne, jini kuwa ya fi haka nesa. Babbar fa'idarta sauri ne, da kuma cewa tana iya gano gudan jini a huhu ko tsagewar babbar jijiya. Farashinta shi ne hasken da ke ratsa jiki, da ruwan aidin da ake ɗurawa a jijiya, wanda kan wahalar da raunanniyar ƙoda.

Wanda ke ganin kumburin kansa ido da ido shi ne hoton maganaɗisu, wato em'ar'ai. Ana kwantar da mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5, kimanin ninki 30,000 na ƙarfin maganaɗisun duniya. Ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki sai su jeru, a kaɗa su da igiyar rediyo mai kaɗawa wajen miliyan 64 a daƙiƙa, in an saki sai su mayar da saƙo. Yadda saƙon ke dusashewa ya danganta da irin naman da ƙwayoyin ke ciki. Binciken Paul Lauterbur da Peter Mansfield a shekarun 1970 ne ya haifar da wannan fasaha, aka ba su kyautar Nobel a 2003.

Hotuna iri biyu ake dubawa. A na farko ana saita na'urar ta danne hasken kitse ta fito da na ruwa. Naman da ya kumbura jiƙe yake da ruwa, don haka riga mai sabon kumburi takan haskaka. A na biyu ana ɗura wani sinadari mai ɗauke da gadoliniyam a jijiya, a jira minti 10 zuwa 15, sannan a ɗauki hoto. Hikimar ita ce lafiyayyar riga kusan ba ta da jijiyoyin jini, don haka sinadarin ba ya samun hanyar shiga. Kumburarriya kuwa takan tsiro da ƙananan jijiyoyi masu yoyo, sinadarin ya shiga ya maƙale, sai a ga farin layi ya zagaye zuciya kamar an zana da alli. In hotunan biyu sun haskaka, kumburin yana kan ganiyarsa. In na biyu kaɗai ya haskaka, alama ce ya fara lafawa. Wani abin sha'awa kuma, shi wannan sinadari yana maƙalewa a mataccen naman zuciya, saboda haka hoto ɗaya yakan nuna girman ɓarnar bugun, da ko ta ratsa bango, da kumburin rigar da ke bisanta, da gudan jinin da ka iya kwanciya a cikin ɗakin zuciya.

A ganina, duk da wannan kyau, kuskure ne a ɗauki em'ar'ai matakin farko. Yana cin minti 30 zuwa 60, majinyaci na kwance yana riƙe numfashi sau da yawa, abin da wanda ke haki ba zai iya ba. Ana taka-tsantsan da masu wasu na'urorin ƙarfe a jiki, da masu ciwon ƙoda mai tsanani. Ga tsada, ga ƙaranci. Eko kuwa ana tura ta har bakin gado, ba ta da haske mai cutarwa, ana iya maimaita ta gobe da jibi a ga ko ruwa na ƙaruwa. Em'ar'ai na wanda labarinsa ya nuna kumburi ne amma eko da isiji suka kasa tabbatarwa, ko wanda ciwon ke ta dawo masa.

Bayan an gano

In hoto ya kawar da shaƙewa da tsagewa, maganin da aka fi zaɓa shi ne asfirin, a adadin da ya fi wanda majinyaci ke sha kullum don tsinka jini, sau da yawa tare da kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓoɓi. Ana guje wa sauran magungunan kashe zafi irin su ibufurofen da dikilofenak, haka ma magungunan sitiroyid sai in babu makawa, domin ana fargabar suna raunana tabon da zuciya ke ɗinkawa. Waɗannan su ne kuwa magungunan da mutum kan aika yaro ya sayo a kemis in ƙirji ya dame shi. Wanda ya yi bugun zuciya, ciwon ƙirji ya dawo masa, asibiti zai koma a ranar, ko da ciwon na raguwa in ya sunkuya.

Akwai kuma tambayar da likita a Kano ko Damagaram zai yi wadda takwaransa na Turai bai cika yi ba. A Afirka kudu da Sahara, tarin fuka shi ne kan gaba wajen haddasa taruwar ruwa mai yawa a rigar zuciya. Zazzaɓi da kasala da ruwa a riga, waɗanda su ne alamomin ciwon Dressler, su ne kuma alamomin tarin fukan riga, kuma hoto shi kaɗai ba ya raba su tabbas, ko da yake zare-zaren da eko kan nuna a cikin ruwan, da kumburarrun kaluluwar ƙirji a siti sikan, sukan ƙara zargi. In ruwan ya yi yawa, ko ya ƙi ja da baya ga asfirin, ko majinyaci na ramewa yana gumin dare, sai a zuƙo ruwan a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar cutar. Tarin fukan riga da ba a yi wa magani ba yakan bar ta ta yi kauri ta ƙandare, har ta tara alli, ta ɗaure zuciya tamau, kuma in an kai nan sai an yi fiɗa an ɓare rigar daga jikin zuciya.